Kurmin Holongapar: Gidan Birin da Ba Ya Son Taka Ƙasa

Gabatarwa

Da hantsi, bayan raɓa ta fara bushewa, wani irin kuka yakan tashi daga saman itatuwan wani kurmi da ke jihar Assam, a arewa maso gabashin ƙasar Indiya. Murya ɗaya ce ke farawa, sai wata ta amsa, daga nan su haɗu suna ɗagawa suna saukewa har tsawon mintoci da dama. Akan jiyo wannan kuka daga nisan da ya wuce kilomita ɗaya. Masu yin sa wasu birai ne marasa wutsiya da ake kira gibon huluk, kuma saboda su ne gwamnati ta keɓe wannan kurmi mai suna Holongapar.

Kurmin ba shi da girma, domin faɗinsa bai cika murabba'in kilomita 21 ba. Duk da haka masana ilmin halittu suna yawan kafa misali da shi, saboda abubuwa biyu. Na farko, akwai jinsunan birai da danginsu har guda 7 da ke zaune a wannan ɗan wuri. Na biyu, tarihinsa ya nuna cewa doka kaɗai ba ta isa ta raya daji ba. Ana iya hana farauta, a hana saran itace, amma namun dajin su ci gaba da shiga haɗari idan an yanke hanyoyin da ke sada su da 'yan'uwansu.

Wuri da Yanayi

Holongapar yana cikin gundumar Jorhat, kusa da garin Mariani, a kudancin babban kogin Brahmaputra. Yana wajen digiri 26 da rabi arewa da ikwaita. Masana labarin ƙasa sun ja iyakar yankin zafi na duniya a digiri 23 da rabi, don haka wannan kurmi yana cikin yankin da ke maƙwabtaka da yankin zafi, inda ake samun damina mai ɗumi da laima, sannan hunturu mai sanyi amma marar ƙanƙara. A tsakiyar hunturu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 10 da dare.

Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, tsayinta daga bakin teku bai wuce mita 100 zuwa 120 ba, kuma laka ce da koguna suka daɗe suna jibgewa. Ruwan sama yakan kai kusan milimita 2,500 a shekara, wato kusan ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma mafi yawansa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba. Kogin Bhogdoi yana ratsawa ta gefen kurmin, inda ya samar da fadamu masu riƙe ruwa. Wannan laima ita ta sa yawancin itatuwan ba sa zubar da ganyensu gaba ɗaya, kuma ita ta sa matsattsaku suka yi yawa a ƙasa lokacin damina.

Kurmi Mai Hawa Uku

Wanda ya dubi kurmin da kyau zai ga an tsara shi kamar gidan bene mai hawa uku. A hawa na sama akwai itacen holon, wanda daga gare shi kurmin ya samo sunansa, kuma shi ne itacen da jihar Assam ta ɗauka a matsayin alamarta. Gangarsa miƙaƙƙiya ce, takan kai mita 30 ko fiye, kuma ba ta fitar da rassa sai can kusa da ƙololuwa. 'Ya'yansa suna da fukafukai biyu, waɗanda ke sa su riƙa juyawa a iska idan sun faɗo, su sauka ɗan nesa da gindin uwa.

Hawa na tsakiya na itacen nahar ne, mai duhun inuwa da fararen furanni masu ƙamshi. Sabon ganyensa ja ne kafin ya koma kore, kuma katakonsa yana da tauri da nauyi ƙwarai, har an daɗe ana amfani da shi wajen shimfiɗa katakan da ake ɗora ƙarfen jirgin ƙasa a kansu. A hawa na ƙasa kuwa akwai gora, da ƙananan itatuwa masu jure inuwa, da wani irin kara mai ƙaya da ke naɗe itatuwa, wanda ake saƙa kujeru da kwanduna da shi.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan tsari shi ne yadda rassan manyan itatuwa da igiyoyin daji suke sarƙewa da juna a sama, su zama wata doguwar rumfa. Wannan rumfa tana tare zafin rana, tana riƙe laima, sannan ita ce hanyar da dabbobin da ke zaune a sama suke bi daga wannan itace zuwa wancan. Ga irin waɗannan dabbobi, inda rumfa ta ƙare nan duniya ta ƙare.

Gibon Huluk

Masana sun bambanta birai masu wutsiya da wani rukuni na marasa wutsiya, wanda ya ƙunshi gorila da cimfanzi na Afirka, da orangutan da gibon na Asiya. Gibon shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma huluk ne kaɗai ɗan wannan rukuni da ake samu a dazuzzukan Indiya. Nauyinsa bai wuce kilo 6 zuwa 9 ba. Namiji baƙi ne wuluk, mai farar gira. Tamata kuwa ruwan ƙasa ce mai haske. Akan haifi jariri da farin gashi, bayan 'yan watanni ya koma baƙi, sannan idan mace ce sai launinta ya sake washewa lokacin da ta balaga.

Duk ƙirar jikinsa ta zaman sama ce. Hannayensa sun fi ƙafafunsa tsawo, yatsunsa dogaye ne masu lanƙwasa kamar ƙugiya, kuma gaɓoɓin kafaɗa da na wuyan hannu suna juyawa sosai. Yakan rataya da hannu ɗaya, ya yi lilo, ya saki, ya cafke reshe na gaba da ɗaya hannun, cikin sauri da natsuwa. Idan larura ta sa ya sauko ƙasa, sai ya yi tafiya da ƙafa biyu, hannaye a ɗage, kuma a wannan hali karnuka da sauran maƙiya suna iya cim masa. Ba ya iyo, shi ya sa manyan koguna suka zama iyakokin ƙasarsa. Nau'in da ke Holongapar, wato huluk na yamma, yana zaune ne kudu da kogin Brahmaputra a Indiya, da gabashin Bangaladash, da yammacin kogin Chindwin a Myanmar.

Zamansa zaman iyali ne: namiji ɗaya, tamata ɗaya, da 'ya'yansu da ba su balaga ba. Kowane iyali yana da yankin da yake kiwo a ciki, kuma kukan nan na safe sanarwa ce ga maƙwabta cewa wuri yana da masu shi. Tamata takan ɗauki ciki na kimanin wata 7, ta haifi ɗa guda, kuma ba ta sake haihuwa sai bayan shekara biyu zuwa uku. Ɗan da ya balaga, wajen shekara 7 ko 8, dole ne ya bar iyayensa ya nemi abokin zama da nasa yankin. Wannan jinkirin haihuwa ya sa idan yawansu ya ragu, yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. Ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke fuskantar barazana, ta sanya huluk na yamma cikin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa, kuma dokar kare namun daji ta Indiya ta 1972 ta ba shi kariya mafi girma.

Mafi yawan abincinsa 'ya'yan itace ne, musamman na dangin ɓaure, sai sabon ganye da furanni da ƙwari. Itatuwan dangin ɓaure, waɗanda cediya da durumi da gamji suke cikinsu, ba sa nuna a lokaci ɗaya. Idan wannan ya ƙare sai wancan ya nuna, don haka suna ciyar da dabbobi ko a lokacin da sauran itatuwa ba su da komai. Gibon yakan haɗiye ƙwayoyin iri tare da naman ɗan itacen, ya kasayar da su a wani wuri mai nisa. Ta haka ne dabbar da kurmi ke ciyarwa take shuka kurmin gobe.

Sauran Mazauna Kurmin

Dalilin da ya sa jinsuna 7 na birai da danginsu suke iya zama a wuri ɗaya ba tare da sun cinye abincin juna ba shi ne kowane yana da hawansa da lokacinsa da abin da ya fi ci. Gibon yana can sama yana bin 'ya'yan itace. Birin langur mai baƙar hula, wanda gashin kansa ya yi kama da hula, ya fi cin ganye, kuma cikinsa ya kasu ɗaki-ɗaki, inda wasu ƙananan halittu ke taimaka masa narkar da abin da sauran ba za su iya ba. Akwai kuma nau'i huɗu na birin makak. Daga cikinsu mai guntuwar wutsiya da jar fuska ya fi yawo a ƙasa cikin babban garke, shi kuwa nau'in resus ya fi sabawa da bakin daji da kusa da mutane.

Na bakwai ɗin ba ya fitowa sai dare ya yi. Sunansa loris mai nawa, ɗan ƙarami ne mai manyan idanu, kuma yana tafiya a kan reshe a hankali ba tare da tsalle ba. Yana cin ƙaro da ruwan furanni da ƙwari. A cikin hannunsa, kusa da gwiwa, akwai wani ƙullutu mai fitar da ruwa. Idan ya lashi wannan ruwa ya gauraya da yawunsa, cizonsa yakan zama mai dafi, abin da ba kasafai ake samu a dabbobi masu shayarwa ba.

Baya ga waɗannan, akwai giwaye, da damisa, da kyanwar daji, da aladen daji, da tunkun jibda, da manyan kuregun itace, da mesa. An ƙidaya jinsunan tsuntsaye fiye da 200 a cikin kurmin.

Yadda Kurmi Ya Zama Tsibiri

A da, Holongapar wani ɓangare ne na babban daji da ya miƙa har gindin duwatsun Patkai. Abin da ya canza fuskar ƙasar shi ne ganyen shayi. A 1823 wani Bature mai suna Robert Bruce ya samu labarin itacen shayi da ke tsirowa da kansa a Assam. Zuwa 1839 an kafa kamfanin noman shayi, daga nan aka shiga share dazuzzuka ana mai da su gonaki. A yau jihar Assam ce ke noma kimanin rabin shayin da Indiya ke samarwa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta keɓe Holongapar a matsayin gandun daji a 1881, amma gonakin shayi da ƙauyuka suka ci gaba da matsowa har suka kewaye shi. A 1997 gwamnatin Assam ta ɗaga matsayinsa zuwa mafakar namun daji, sannan a 2004 aka ba shi sunan da yake ɗauke da shi yanzu. Gonar shayi kore ce shar, amma itatuwanta gajeru ne, ana yi musu aski daidai ƙugun mutum, kuma 'yan itatuwan inuwa da aka daddasa a ciki sun yi nisa da juna. Ga gibon, irin wannan gona daidai take da teku. Giwaye, waɗanda a da suke kai da komowa tsakanin kurmin da dazuzzukan tuddan Nagaland, su kam suna ratsawa, amma ta cikin gonaki da ƙauyuka, inda suke ɓarnata amfani kuma a yi ta samun rikici tsakaninsu da mutane.

Sai kuma hanyar jirgin ƙasa. Tun 1887 aka shimfiɗa layin dogo da ya ratsa kurmin, tsawon kilomita ɗaya da rabi da ɗoriya, ya raba shi gida biyu, babba da ƙarami. Domin jirgi ya wuce lafiya dole ne a share itatuwan gefen layi, kuma sararin da aka bari ya fi ƙarfin tsallen gibon. Ta haka iyalai ƙalilan suka maƙale a ƙaramin ɓangaren, suna jin kukan 'yan'uwansu kowace safiya amma babu hanyar isa gare su.

Abin da Rarrabuwar Daji Ke Haifarwa

A 1967 wasu masana biyu 'yan Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka wallafa wani littafi a kan halittun tsibirai. Sun nuna cewa ƙaramin tsibiri yana ɗaukar jinsuna kaɗan, kuma jinsunan sun fi saurin ƙarewa a cikinsa, musamman idan ya yi nisa da inda sababbi za su iya shigowa. Daga baya aka lura cewa wannan ƙa'ida tana aiki a kan guntun daji da gonaki suka kewaye.

Illa ta farko ita ce ta jini. Idan dabbobi 'yan kaɗan suka keɓe, matasa ba su da abokan barbara sai danginsu na kusa. Bayan 'yan zuriyoyi sai cututtukan gado da ke ɓoye su fara bayyana, haihuwa ta ragu, ƙarfin jure cuta ya yi rauni. Makiyaya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa sukan nemo bijimi daga wani garke. Illa ta biyu ita ce ta tsautsayi: guguwa ɗaya ko annoba ɗaya tana iya shafe ƙaramin rukuni gaba ɗaya, kuma babu wasu da za su zo su maye gurbi.

Illa ta uku ita ce ta bakin daji. Rana da iska suna kutsawa daga gefe, su busar da ƙasa, su kayar da manyan itatuwa, su ba ciyayi masu mamaya dama. Ɗalibai suna iya gane girman wannan illa da ɗan lissafi. A ɗauki daji mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin kilomita ɗaya, a ƙaddara cewa illar baki tana shiga mita 100 daga kowane gefe. Cikin dajin da ya tsira zai zama mita 800 sau mita 800, wato kashi 64 cikin 100. Idan aka ratsa tsakiyarsa da hanya, kowane ɓangare zai tsira da mita 300 sau mita 800, biyun a haɗe kashi 48 cikin 100. Hanyar da ba ta ci wani fili mai yawa ba ta rage kashi ɗaya cikin huɗu na lafiyayyen daji.

Gadoji a Sama

Tun da ba a ɗauke layin dogon ba, sai aka koma neman yadda za a sake haɗa rumfar ta samansa. A 2015 hukumar jiragen ƙasa da ma'aikatar gandun daji suka gina gadar ƙarfe a saman layin, amma gibon bai yi amfani da ita ba. Dabbar da ta saba da reshe mai lanƙwasa da lilo ba ta ga abin kamawa a sandararren ƙarfe ba. A gefe guda kuma, wata ƙungiyar kare muhalli ta Assam mai suna Aaranyak, tare da ma'aikatan gandun daji, ta fara dasa itatuwa a gefunan layin tun 2006. Sai da aka yi shekara 13 kafin rassansu su haɗu a sama, kuma a 2019 aka ga gibon yana ƙetarawa ta kansu. Matsalar irin wannan gada ita ce aikin gyaran layi yana buƙatar a riƙa rage rassan.

Wani darasi ya zo daga tsibirin Hainan na ƙasar Sin, inda ake da wani nau'in gibon da a lokacin bai wuce guda 30 ba a duk duniya. A 2014 guguwa ta haddasa zaftarewar ƙasa, ta buɗe rata a tsakiyar dajinsu. A 2015 masana suka ɗaura igiyoyi irin na masu hawan duwatsu tsakanin itatuwan ɓangarorin biyu, suka kafa na'urar ɗaukar hoto. Sai bayan kwana 176 gibon na farko ya hau. Daga nan mata da ƙanana suka riƙa bi, babban namijin kuwa ya fi son tsallensa. A 2023 Cibiyar Nazarin Namun Daji ta Indiya ta fitar da rahoto a kan Holongapar, inda aka ƙiyasta gibon kimanin 125, ta kuma ba da shawarar a ɗaura gadojin igiya a wurare da dama a saman layin, da raga a ƙarƙashinsu saboda wanda ya suɓuce, tare da ci gaba da dashen itatuwa.

Kammalawa

Gwaje-gwajen nan sun nuna cewa gyaran daji yana bukatar sanin halin dabbar da ake son ceta, kuma yana bukatar haƙuri. Itacen da aka sare cikin sa'a guda ba ya komawa tsayinsa sai bayan shekaru masu yawa, shi ya sa ya fi sauƙi a kauce wa raba daji tun lokacin da ake zana hanya a takarda. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Inda kuwa aka riga aka raba, aikin shi ne a bar wa dabbobi mashigi, ko jerin itatuwa ne a bakin rafi, ko igiya a saman layin dogo. Makomar gibon huluk a Holongapar ta rataya ne a kan ko matashin da ya bar iyayensa a wannan gefe zai iya isa wancan gefe ba tare da ya taka ƙasa ba.